Bayan Inji Ya Tafasa: Aikin Kanikawan Kura da Bunkure

A watan Afrilu, idan rana ta take, wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ta Karfi da Kura har Kwanar Gafan da wuya ya wuce bai ga mota a gefen titi da bonet a ɗage ba. Wata J5 ce da aka danƙara wa kwandunan tumatir, wata Kanta ce ɗauke da buhunan shanshera, wata kuma tsohuwar a-kori-kura ce da ta fito daga gona da albasa. Tururi na tashi daga gabanta, yaron mota ya gangara kanal da galan, direba yana ta lalubar lambar bakanike a waya. Da bakaniken ya iso a kan babur, da sifanu a cikin tsohon buhu, tambaya guda ke jiransa: “Oga, za ta kai?”

A kan amsar wannan tambaya ake gane bakanike. Canja tiyon da ya fashe ko ɗaura sabon fanbel, yaron da ya yi shekara guda a gareji ma zai iya. Amma sanin ko zafin nan ya wuce lafiya, ko kuwa ya bar ɓarna a cikin ƙarfen da ido ba ya gani, wannan ilimi ne da ake daɗewa kafin a same shi. A ƙasar noman rani, inda kwana ɗaya na jinkiri ke iya mayar da motar tumatir ta zama motar ruɓa, dukiyar mutane da yawa tana rataye a kan wannan sani.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, rayuwar wannan yanki ta sauya. Ruwa ya biyo babban kanal ta Ruwan Kanya yana gangarowa da kansa, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai har gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam. Kashin farko na wannan shirin noman rani an tsara shi ne a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Rani, wanda a da lokacin cirani ne, ya koma lokacin alkama, tumatir, albasa da masara. Kura ta yi suna a harkar shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar da ake loda tumatir zuwa Mile 12 a Legas da sauran garuruwan kudu, a 2016 kuma kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa. Ruwan yana isowa gona ba da inji ba, amma duk abin da ya fito daga gonar sai da inji yake motsi: tarakta ta yi huɗa, injin casa ya ɓare shinkafa, mota ta kai kaya kasuwa. Shi ya sa a kowace kwana da kowace tasha za ka tarar da gareji a ƙarƙashin darbejiya ko rumfar kwano, ga mai gyaran lagireto a gefe, ga mai wayarin, ga mai walda, ga mai faci.

Abin da ke sa inji ya tafasa a nan

Injin mota wuta ce ke tafiyar da shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da yake ƙonawa ruwa ne ke kwashe shi ya kai lagireto, iska kuma ta kwashe daga can. Inji mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyas, murfin lagireto kuma yana danne ruwan ta yadda zai iya kaiwa kusan 120 bai tafasa ba. Tazarar da ke tsakanin lafiya da ɓarna ke nan, kuma abubuwa da dama a yankin nan suna cinye ta.

Akwai zafin bazara, wanda kan kai digiri 40 a inuwa. Akwai lodi, domin motar da aka ƙera don wani nauyi ana ɗora mata ninkinsa, ta riƙa rarrafe a giya ta ɗaya a kan hanyar gona, inji na kuka, iska ba ta isa lagireto. Akwai ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa da na alkama, waɗanda ke liƙewa a haƙoran lagireto su zama kamar bargo. Sannan akwai ruwan kansa. Direban da ruwa ya ƙare masa a tsakiyar gonaki ba zai nemi wani ba sai na kanal, wanda ke ɗauke da laka da yashi da ɗan gansakuka. Yau a zuba, gobe a zuba, sai laka ta kwanta a ƙananan hanyoyin lagireto, tsatsa ta ci fuka-fukan wata-famfo, cikin inji ya yi dafi kamar tsohuwar butar shayi. Ruwan da ya raya gona shi ne yake cin inji a hankali.

Sai kuma abin da hannu ke jawowa. An daɗe ana cire tamostat daga motoci a ƙasar nan, wai na ƙasar sanyi ne. A injina da yawa kuwa wannan ƙaramin ƙarfe shi ne ke rufe gajeriyar hanya ya tilasta wa ruwan zafi bi ta lagireto, idan babu shi wani kaso na ruwan sai ya riƙa kewayawa cikin inji bai huce ba. Wasu kuma, idan lagireto na yoyo, sai su zuba garin barkono ko ɗanyen ƙwai don ya toshe. Yakan toshe ramin, ya haɗa da hanyoyin ruwan.

Yadda ake binciken

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara da sifana, da tambaya yake farawa. Allurar tamfareca har ina ta kai? Tun daga ina ka lura? Kai ka kashe ta, ko da kanta ta mutu? Ka zuba mata ruwan sanyi tana da zafi? Kowace amsa tana da abin da take nunawa. Motar da aka kashe da zarar allura ta doshi ja, sau da yawa takan tsira. Wadda aka ci gaba da kora har ƙarfinta ya ragu ta mutu da kanta, ita ce abin tsoro. Wani lokaci direba zai rantse cewa allurar ta hau sannan ta sauko, ya ɗauka sauƙi aka samu. Gogaggen bakanike ya san wannan na iya zama mafi muni: ruwa ne ya ƙare ƙarƙaf, abin da ke auna zafin ya rasa ruwan da zai taɓa.

Bayan tambaya sai jira, kuma a nan ake yawan samun saɓani. Mai kaya na kallon agogo, dillali na bugo waya daga kasuwa, kowa na cewa a buɗe a zuba ruwa a tafi. Buɗe murfin lagireto a wannan hali ya ƙona fuskoki da hannuwa ba adadi, domin ruwan da aka danne yana tsalle ne da zarar ya sami hanya. Sheƙa ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi ja kuma yana iya tsaga shi, kamar yadda tukunyar ƙasa ke tsagewa in an sauke ta daga wuta aka tsoma a ruwa. Sai an bari inji ya huce har hannu ya iya zama a kansa. Sauri ya haifi nawa, a nan kam gaskiya ce tsagwaronta.

Idan ya huce, sai a fara da ido. A zaro gejin baƙin mai a duba. Man da ya yi kauri ya koma launin shayi da madara, ruwa ne ya shige shi. A buɗe murfin mai a dubi cikinsa, a shinshina, domin man da ya dahu yana da ƙaurinsa. A leƙa bakin lagireto ko mai na yawo a saman ruwa. A bi jikin inji da kallo, musamman layin da tof silinda ya haɗu da buloki, ko akwai sawun ruwa ko na tsatsa.

Kafin a ba ta wuta, mai hankali yakan kwance fulogai tukuna. Dalili kuwa, idan ruwa ya tsiyaya ya taru a kan fistin, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma bugu ɗaya na iya lanƙwasa sandar fistin, ƙaramar ɓarna ta zama babba. Idan aka cire fulogai aka juya inji, ruwan da ke ciki zai feso ta ramin ya tona kansa. Su ma fulogan suna ba da labari. Uku sun yi duhu irin na yau da kullum, ɗaya kuma ya fito fes kamar an wanke shi: tururi ne ya wanke shi, wannan silindar tana shan ruwa.

In ba a ga komai ba, sai a cika ruwa, a bar bakin lagireto a buɗe, a tayar da mota a bar ta a silo. A nan za ka ga bakanike ya sunkuya ya ƙura wa ruwan ido. 'Yan kumfa na farko iska ce da ta maƙale, za su wuce. Amma kumfar da ke tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa in an taka totur, hayaƙin inji ne ke kutsowa cikin ruwa ta gasket ɗin da ya ƙone. Zai rufe murfin ya matsa tiyon sama: idan ya yi tauri kamar taya alhali inji bai ko ɗumama ba, magana ɗaya ce. Zai zagaya baya ya dubi salansa. Ɗan farin tururi da sanyin safiyar hunturu ba komai ba ne, amma farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi ɗumi, ruwa ake ƙonawa. Shuɗin hayaƙi kuwa mai ne, alamar zafi ya kashe ringi ko ya busar da robobin bawul.

Sai kunne. Tsofaffin kanikawa sukan ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji, su kafa kunne a kan ƙotarsa. Ƙara mai nauyi daga ƙasa tana nuna mital, domin man da ya yi zafi ya tsinke ba ya iya raba ƙarfe da ƙarfe. Ƙwanƙwasa daga tsakiya tana nuna fistin ya kumbura ya goge bango. Inda akwai agogon auna matsi, sai a ɗaura shi a ramin kowane fulogi a juya inji a rubuta. Lambobin ya kamata su yi kusa da juna. Idan silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Idan ɗaya ce ta faɗi, sai a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake aunawa: in ta tashi, ringi ne, in ba ta tashi ba, matsalar tana sama.

Duk wannan bai cika ba sai an gano mafarin abin. Ruwa ba ya tsami banza. Fanka ce ta daina juyawa? Wata-famfo ne? Murfi ne ya saki? Wanda ya canja gasket bai nemo abin da ya ƙona shi ba, motar za ta dawo masa kafin mako ya zagayo.

Idan ta kai ga buɗewa

Yawancin ƙananan motocin da ke yawo a yanzu tof silindarsu na alminiyam ne, da yawa kuma a kan bulokin baƙin ƙarfe yake zaune. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Idan zafi ya wuce kima, na sama na son miƙewa, na ƙasa ya ƙi, kusoshi sun riƙe, sai tof ɗin ya bankare. Bankarewar ba ta ganuwa da ido. A injina da yawa, abin da masu ƙera su suka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, wato kaurin silin gashi. Don haka bayan an kankare tsohon gasket an wanke fuskar tas, sai a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye, a kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa zura siririn ma'auni a ƙarƙashinsa. Inda ya shige, nan ramin yake.

Akwai dabarun da aka gada tun zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna. Akan kifa tof ɗin a zuba kananzir a kan bawul a jira, in ya tsiyaye, bawul ba ya rufewa. Akan shafa kananzir a goge, a bi da alli, inda tsaga take sai allin ya jiƙe ya zana layinta, galibi a ɗan siririn wurin da ke tsakanin bawul biyu. Akan zura yatsa a shafa bangon silinda, in farce ya maƙale a wani zane, aiki ya wuce na sama. A tarakta da manyan motocin dizal kuma akan duba robobin da ke ƙasan hannun silinda, domin zafi na busar da su, ruwa ya sulale cikin mai.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa Kano, wajen masu injin goge ƙarfe, da Kasuwar Ƙofar Ruwa don sayen kaya. Ko gogewar tana da iyaka, tof ɗin da aka sha yankewa yakan kai inda ba ya ƙara ɗauka. Ranar ɗaurawa kuma ba a ɗaure kusoshi yadda aka ga dama. Daga tsakiya ake farawa a fita waje, a zagaya sau biyu ko uku ana ƙara ƙarfi, da sifana mai auna ɗauri. Wanda ya ɗaure gefe guda tamau da tsawon bututu, da hannunsa ya sake bankare abin da aka biya kuɗi aka gyara.

Amana

Mai mota ba ya ganin cikin injinsa. Abin da bakanike ya faɗa, shi zai ɗauka, kuma a nan jarrabawa take ta fuska biyu. Akwai wanda zai ga ɗan yoyon tiyo ya ce, “Alhaji, inji ya buga, sai dai a nemo na Beljiyam,” don ya ci riba a cinikin. Akwai kuma wanda zai ga tof ya bankare, amma saboda mai mota na gaggawa kuma kuɗinsa kaɗan ne, ya shafe sabon gasket da gam ya ɗaure ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na farko ya ci dukiyar mutum a gabansa, na biyu ya tura shi ya lalace a dajin da bai san kowa ba, da tumatir ɗin manoma goma a bayansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsada, jarabar yin faci ta ƙaru a wajen kowa.

Bakaniken da na fi girmamawa shi ne wanda zai iya duban mai kaya a tsakiyar kakar tumatir ya ce, “Maigida, ka yi haƙuri, a nemo wata mota a juye kayan nan. Wannan ba za ta kai ba.” Maganar ba ta da daɗin ji, kuma wani lokaci ba ta kawo masa ko sisi a ranar. Haka nan wanda zai gama bincikensa ya ce, “Lafiyarta ƙalau, murfi kawai za ka canja,” alhali da ya so da ya buɗe inji ya karɓi kuɗin kwana uku. A gari irin Kura ko Bunkure, inda bakanike da manomi ke haɗuwa a sahun masallaci da wajen ɗaurin aure, irin wannan gaskiya ba ta ɓacewa. Ita ce ke sa a kira mutum da tsakar dare, ita ce kuma ke sa shi ma ya yarda ya yi aiki a biya shi bayan an girbe shinkafa.

Yadda ake gadon sanin

Uba ne kan kawo yaro ya danƙa wa maigidan gareji. Yaron zai fara da wankin kusoshi a cikin fetur da miƙa sifana, har ya iya bambanta lamba 12 da 13 ba tare da ya duba ba. Daga nan a bar shi ya kwance, daga baya a bar shi ya ɗaura. Abin da ke zuwa a ƙarshe, bayan shekaru, shi ne a tsayar da shi gaban inji a ce, “To, me ka gani?” Ranar da ya amsa daidai, ya kuma iya faɗin dalili, an fara maganar yaye shi. Kanikawa na da ƙungiyarsu ta ƙasa, NATA, wadda rassanta kan sasanta rikici tsakanin mai gyara da mai mota.

Sana'ar tana buƙatar a tallafe ta. Motocin da ke shigowa yanzu fankarsu kwamfuta ce ke kunna ta, injinsu kuma ba ya jure zafi irin na tsofaffin. Agogon auna matsi, famfon gwada lagireto, miƙaƙƙen ƙarfe da sifana mai auna ɗauri, kuɗinsu gaba ɗaya bai kama ƙafar kuɗin inji guda ba, kuma gareji uku ko huɗu na iya haɗa hannu su mallake su. Ƙungiyoyin manoma da hukumomin da ke kashe kuɗi wajen gyaran kanal ya kamata su tuna da mutanen da ke riƙe da injinan da amfanin gonar ke hawa. Su ma direbobi akwai nasu: jarkar ruwa mai tsabta a bayan kujera, ruwan sanyaya inji na galan idan da hali, kakkaɓe ƙaiƙayi daga lagireto kowace safiya a lokacin girbi, da tsayawa nan take idan allura ta fara hawa.

Gobe ma rana za ta take a kan hanyar Kwanar Gafan, wata motar za ta tsaya da tururi a gabanta, wani direban zai yi tambayar da aka saba. Fatana shi ne wanda zai sauko daga babur ya zama mutumin da zai jira ƙarfe ya huce, ya zaro geji, ya kwance fulogi, ya ƙura wa ruwa ido, sannan ya faɗi abin da ya gani ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Manomin da ya kwana uku yana ban ruwa, da matan da suka tsinke tumatir ɗin tun asuba, ba su san sunansa ba, amma guminsu yana hannunsa.